Musayar da Baba Ya Yi a Bakin Rami

Ni dai takarda ce sana'ata. Ina da ɗan shago a unguwar Hanoukopé ta Lomé inda nake buga wa mutane wasiƙu, in kwafe musu takardun haihuwa da na makaranta, in jera musu dosiye, wato tarin takardun nan da ofisoshin Lomé ke nema kafin su ɗaga kai su dube ka. Na yi karatun Faransanci har na gama sakandare, kuma a Zongo wannan ya isa a riƙa kawo miki duk wata takarda mai hatimi a ce ki karanta. Na daɗe ina jin kaina da wannan. Idan tsoho ya zauna yana ba ni labarin yadda aka cuce shi, nakan katse shi in ce, "Baba, ina takardar?" In ya ce babu, sai in ɗaga kafaɗa in juya ga mai bi masa. Allah ya yafe mini, haka na yi wa mutane da yawa kafin abin ya shigo gidanmu.

Mahaifina soja ne, abin da ba a saba gani ba a danginmu. Kakanninmu goro da fata suka kawo su bakin tekun nan daga arewacin Najeriya, 'ya'yansu kuma kasuwa suka sani. Shi kaɗai ya bijire ya sa kaki, har unguwa ta daina kiransa da komai sai Soja. Bai taɓa wuce ƙaramin muƙami ba, bai kuma damu ba. Abin da yake alfahari da shi numfashinsa ne. Duk ranar da yake gida shi ke kiran salla a masallacin layinmu, ba ya son lasifika, yana jan murya har masu tuya a bakin titi su ce yau Soja na gari. Ni kuwa Uwata yake kirana, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma ya sha cewa har bakin nata na gada.

Gab da ya yi ritaya aka tura su aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa can arewa, cikin hamada. Ya fi shekara a can. Ya dawo da dabino, da bargo mai kauri wanda ba shi da amfani a zafin Lomé, da wani wari a kayansa. Mama ta wanke kakinsa da sabulu, ta sake da toka, ta shanya a rana kwana da kwanaki, warin yana nan daram kamar na tukunyar roba da aka manta a kan wuta. Daga ƙarshe ta tattara su a akwatin ƙarfe ta tura ƙarƙashin gado.

Da muka tambaye shi warin mene ne, sai ya mayar da abin labarin ban dariya. Ya ce a bayan sansaninsu akwai wani ƙaton rami da ake zuba duk sharar sojoji: batura, robobi, tayoyi, gwangwanayen fenti da na maganin ƙwari, magungunan asibiti da suka lalace. Aikinsa shi ne ya kwarara man gas a kai da safe, ya cinna wuta, ya wuni yana juyawa da dogon ƙarfe don kada ta mutu. Ƙyalle yake ɗaurewa a hanci. Ya ce har ya ƙware, daga launin hayaƙi yana gane abin da ke ci, in kore ne batir ne, in rawaya ne kayan likita ne. Muka yi ta dariya, ni ce ma kan gaba, na ce ashe soja guda aka tura hamada shara.

Tarin bai zo da ƙarfi ba. Da farko gyaran murya ne kawai, daga baya ya zama sai ya dafa bango. Inda muka fara tsorata shi ne ranar da yake kiran Azahar, ya kai tsakiya, muryar ta yanke. Ina tsakar gida ina jira ya ci gaba, Mama ma ta tsaya da ludayi a hannu. Can sai muka ji wata murya daban ta ƙarasa. Da ya shigo bai dubi kowa ba, ya ce ƙura ce ta shaƙe shi, alhali ana tsakiyar damina.

Muka shiga yawon magani. An ba shi na tarin fuka bai yi ba, aka ce ba shi ba ne. An yi rubutu ya sha, an kawo zuma da habbatussauda, wata maƙwabciya har ta raɗa wa Mama cewa a gwada kasuwar bokaye ta Akodésséwa, Baba ya ji ya ce gara ya mutu da tarinsa. Wani likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa a hasken taga, ya tambaye shi ko ya taɓa aiki a inda ake ƙona abubuwa. Ya ce huhun ya yi tabo, kuma abin da zai riƙe shi injin iska ne da magungunan da sai babban asibiti. Mun san ba mu da ƙarfin wannan, shi ma likitan ya sani, shi ya sa ya faɗa yana kallon tebur.

Ana cikin haka labari ya zo cewa waɗanda suka yi aikin ramin an fara ba su kati na musamman, ana duba su kyauta su da matansu, saboda an gane hayaƙin guba ne. Ranar na yi murna irin wadda ban taɓa yi ba. Na ce wannan kam fagena ne. Na jera dosiyen Baba yadda ban taɓa jera na kowa ba, kowace takarda da kwafinta, na sa a jakar roba sabuwa, na hau zem, wato ɗan acaɓa, na tafi ofishin tsofaffin sojoji ina jin ni wata ce.

Ma'aikacin bai wulaƙanta ni ba, gaskiya ɗaya ce. Ya yaba da tsarin takarduna, ya ɗauko babban littafin rabon aiki na sansanin, ya bi layi da yatsa har ya kai lambar Baba. Sai ya juyo da littafin wajena ya ce in karanta da kaina. An rubuta cewa mahaifina ma'aikacin ɗakin cin abincin hafsoshi ne, mai kai faranti da kofi, daga ranar da suka sauka har ranar da suka taso. Na ce kuskure ne. Ya ce mai yiwuwa, to ina takardar da ta nuna haka? Maganata ce aka mayar mini.

Na iske Baba zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki yana jan carbi. Ban ko gaishe shi yadda ya kamata ba.

"Baba, littafinsu ya ce ku faranti kuke ɗauka."

Ya ajiye carbin. Sannan ya ce, "Littafin bai yi ƙarya ba, Uwata. Can aka rubuta ni. Musaya muka yi."

Ashe da aka raba aiki, shi aka sa a ɗakin hafsoshi, aikin da kowa ke nema saboda inuwa da ragowar nama. Amma aikin ya haɗa da ɗaukar kwalaben giya da zuba wa manya a kofi. Ya yi kwana biyu ya kasa barci. Sai ya je wurin abokinsa, wanda suka shiga soja shekara ɗaya suke kiran juna promo, wani Kirista mutumin kudu da muka tashi muna kira Tonton. Shi aka rubuta a rami. Baba ya roƙe shi su yi musaya, sajen da ke kansu ya ce ba ruwansa muddin aiki na tafiya, ba wanda ya taɓa littafin. Sajen kuwa ya riga ya rasu.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban ɓoye ba. Na ce, "Saboda kwalba? Ba ku za ku sha ba fa, ɗauka ce kawai."

"Ai mai ɗaukar ma yana ciki," in ji shi. "Ke kin sani."

"To yanzu ga shi kun ɗauko abin da ya fi kwalba nauyi."

Mama ta daka mini tsawa daga kicin, ta ce in kiyayi bakina. Baba ya ɗaga mata hannu ya ce a bar ni, uwarsa ce, dama haka take. Na ce to maganin abin mai sauƙi ne, Tonton ya zo mu je ofis ya faɗi gaskiya. Nan fuskarsa ta canja. Ya ce Tonton ya riga ya karɓi katin, don sunansa aka kira, kuma da shi ake yi wa matarsa maganin ciwon sukari da ya ci ƙarfinta. In ya je ya ce ba shi ya yi rami ba, za a ƙwace katin, wataƙila ma a taɓa masa fansho, kuma ba lallai a ba Baba nasa ba tunda babu shaida sai bakin mutum ɗaya. "Ni na roƙe shi," in ji Baba. "Ya yi mini alheri. Ban yarda ki taka ƙofarsa da wannan magana ba."

Washegari na taka ƙofar. Ban taɓa saɓa wa mahaifina kai tsaye haka ba, amma na kwana biyu ina jin tarin nan ta bango, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na yi nadama ba.

Gidan Tonton yana gabashin gari, ɗaki biyu da ɗan fili mai bishiyar gwanda. Matarsa na zaune a kujerar roba, ƙafafunta a kumbure a kan wani kwali, ido ɗaya ya yi fari. Ta gane muryata ta yi ta sa mini albarka da harshen Mina, ta ce a kawo mini ruwa. Na ga halin da take ciki sarai, ban kuma fasa ba. Na ja Tonton gefe na zazzage masa komai da Faransanci, don a Faransanci rashin kunya ta fi zuwa mini da sauƙi. Na ce shekara guda yana cikin inuwa yana goge kofi, ubana na shaƙar hayaƙin da aka rubuta da sunansa, yanzu kuma shi ke riƙe da katin, ƙirjinsa lafiya lau.

Bai yi fushi ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Ya ce, "Ma fille, 'yata, kwana uku babanki yana bina. Na ce masa ramin nan ba wurin mutum ba ne, ya ce hayaƙi wankuwa yake yi. Ni murna na yi, ba zan ɓoye miki ba. Wa ya san haka abin yake?" Ya waiwaya ya dubi matarsa, ya ce da aka kira shi karɓar kati ya yi niyyar magana, sai ya tuna allurarta, ya yi shiru ya sa hannu. Na ce to ya ci gaba da shirun, Allah na gani. Na fita ban sha ruwan ba.

Bayan mako guda sai ga shi a Zongo da hantsi, ya sa rigarsa ta zuwa coci. Ya zauna a tabarmar Baba, suka gaisa irin tasu, rabi Faransancin bariki rabi 'yar Hausar da ya tsinta. Sai ya zaro katin daga aljihu ya ajiye a tsakaninsu.

"Promo, mun taɓa musaya. Mu sake."

Ya ce matarsa a ƙaramin asibitin unguwarsu take karɓar magani, ba wanda ya san fuskarsa a babban asibiti, bai taɓa zuwa ba. Ya ce Baba ya je can da katin a matsayinsa. Ai a takarda mai wannan lamba ne ya yi rami, to mai ramin ne zai kwanta. Baba ya ture katin da bayan hannu ya ce shi da ya guje wa kwalba ba zai ƙare da ƙarya ba. Mama ce ta fito, wadda ban taɓa jin ta sa baki a maganar maza ba, ta ce, "Malam, ƙaryar tana cikin littafinsu tun tuni. Kai dai ba ka iya hawa matakalar masallaci." Tonton ya tashi ya bar katin a tabarma, Baba bai taɓa shi ba, ni na ɗauka.

Akwai hoto a katin, tsohon hoto ne na lokacin ƙuruciya, da hular soja har gira. Duk da haka mai lura zai gane. Na kai shi shago, na rufe ƙofa da rana tsaka, na sa shi a injin da nake manne wa takardu roba, na ƙara zafi fiye da ƙa'ida. Ya fito fuskar ta dushe, sai hula da inuwar mutum baƙi siriri, kamar katin da ya sha wanki a aljihu. Ni da nake yi wa mutane wa'azin takarda, da hannuna na yi wannan, kuma aikin ya yi kyau.

Ba a yi wata guda ba Baba ya faɗi a tsakar gida yana alwalar La'asar, leɓensa ya yi baƙi. Ba wanda ya tsaya neman izininsa. A teburin karɓar marasa lafiya na miƙa katin, aka tambaye ni ko ni wace ce, na ce 'yarsa ce. Aka rubuta sunan Tonton a allo aka rataya a ƙafar gado, aka cusa katin a wani aljihun roba a jikin allon.

Injin iskar nan ya yi abin mamaki. Cikin kwanaki kaɗan launinsa ya dawo, ya fara cin tuwo, har ya koma tsokanata. Amma zaman bai yi masa daɗi ba. Idan nas ta kira sunan da ke allo sai ya yi jim kafin ya amsa, ni kuma in yi wuf in ce kunnensa ne ya yi nauyi. Carbinsa yana ƙarƙashin bargo. Mama ta kawo masa wani ɗan dutse mai santsi na taimama, yana ɓoye shi a ƙarƙashin matashi, ya yi sallarsa a kwance da ido kamar mai gyangyaɗi. Ranar Lahadi matan coci suka shigo da fararen kaya suna bi gado gado, suka karanta allo, suka kewaye shi suna roƙa masa sauƙi da sunan wani. Ya bar su suka gama, ya ce musu akpe, wato na gode. Da suka fita ya ce mini, "To, promo ya sami addu'a kyauta." Akwai wata nas dattijuwa da ta taɓa tsayawa tana kallon tabon sujada a goshinsa, ta dubi allo, ta dube ni, ta gyara masa robar hanci ta wuce. Har muka bar wurin ba ta ce komai ba.

Likita ya kira ni gefe a mako na biyar. Ya ce kada ƙarfin da nake gani ya ruɗe ni, tabon yana ci gaba, ba ya komawa baya. Injin zai riƙe shi, wataƙila watanni, wataƙila fiye, ba wanda zai yanke. In aka cire kuwa kwanaki ne. Na ce ai ba mai cirewa. Ban faɗa wa Baba ba, amma ya karanta a fuskata, don ban taɓa iya ɓoye masa komai ba.

A gadon da ke kusa da nasa akwai wani tsohon soja, shi ma na rami, sun saba suna hirar launin hayaƙi. Wata safiya ina zuba wa Baba koko mutumin ya cika. Aka ja labule, aka fita da shi. Can sai ga wani ma'aikaci da littafi, ya zare katin daga aljihun allo, ya kwafi suna da lamba a takardar mutuwa, ya huda katin da wani ƙarfe, ya jefa a ambulan ya tafi da shi. Baba yana kallo tun daga farko har ƙarshe.

"Uwata, ina za su kai katin?"

Na amsa ba tare da tunani ba, irin amsar da nake ba mutane a shago. Na ce ofis za a mayar, a rufe lambar, a tsayar da fansho da magani, sai iyali su buɗe sabon dosiye na gado. Ya ce, in mai lambar yana raye fa? Na ce ai takarda ta ce ya mutu. Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa. Ya ajiye kofin kokon bai ƙarasa ba.

Washegari da na zo na tarar ya naɗe bargonsa, dutsen taimamar yana hannunsa a fili.

"Ki kai ni gida."

Na ce ba zan kai ba. Na ce likita ya ce watanni, wa ya sani ko shekara ce, in lokacin ya matso sai mu fita. Ya ce, wa zai gaya mana ya matso? Maƙwabcinsa jiya da safe yana neman a ƙara masa sukari a shayi. Na ce in ma hakan ta faru zan gyara, aikina ke nan, zan rubuta, zan bi ofis ofis. Ya dube ni ya ce, "Ke kin taɓa ganin wanda takarda ta kashe ya tashi?" Na taɓa gani ana nema. Wani mutum ya yi shekaru yana zuwa shagona da dosiyensa kan irin wannan, har ya daina zuwa. Kuma a namu, gyarawar na nufin a faɗi yadda aka yi, a ɗaure Tonton, wataƙila da ni.

"In na mutu a gadon nan," in ji shi, "promo ne ya mutu. Matarsa ta bi shi. Ni kuma a sa ni a firiji da sunan da ba nawa ba, ku yi ta roƙon a ba ku gawata." Ya tsaya ya ja iska. "Aro na karɓa. Ba a mayar da kayan aro a fashe."

Na kira Tonton a waya, don na san ni kaɗai ba zan iya ba. Ya zo a gigice, ya shigo a matsayin ɗan'uwa mai dubiya, ya tsaya a ƙafar gadon da sunansa ke rataye. Ya yi ƙasa da murya ya ce Baba ya zauna, komai ya faru shi ya ɗauka, ya yafe. Baba ya yi murmushi ya ce, "Kai ka taɓa mutuwa ne? Ba ka iya ba. Kofi kawai ka iya gogewa." Tonton ya juya baya yana share fuska da hularsa. Na so in tsane shi a lokacin, na kasa, sai na tsani kaina da na ba da amsar nan ta jiya.

Ni aka ba takardar fita bisa son rai in sa hannu. Likita ya yi mini bayani sau biyu, a hankali, yana zaton ban fahimta ba. Na rubuta cewa ni 'yar mai wannan suna na ɗauki alhakin fitar da mahaifina, na sa hannu. Nas ɗin nan dattijuwa ce ta zo ta rufe injin, ta zare robar daga hancinsa. Ta zaro katin daga aljihun allo, maimakon ta ba ni sai ta miƙa wa Tonton kai tsaye, ta tafi abinta.

A tasi na zauna kusa da shi, kansa a kafaɗata. Cunkoson wajen babbar kasuwar Assigamé ya riƙe mu, babura na ta feso hayaƙi ta taga, na yi ta faɗa da direba ya ɗaga gilashi, in ya ɗaga kuma in ce ya sauke babu iska. Baba ya matsa hannuna ya ce in bar bawan Allah ya yi tuƙinsa.

Kwana uku ya yi a gida. Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗaki inda yake jin masallaci, carbinsa a fili, mutanen unguwa suna shigowa suna cewa sannu Soja, yana amsawa da kai tun kafin su rufe baki. Ba zan kwatanta yadda numfashin yake ba, ba na so. Na zauna ina yi masa fifita da murfin kwali, na san injin yana can an rufe shi ko an sa wa wani. Sau ɗaya na ce, "Baba, mu koma." Ya girgiza kai. A rana ta uku ana kiran Azahar ya ɗaga yatsa yana bin ladan da leɓe, kafin a tayar da salla ya cika.

Kafin rana ta faɗi an yi masa wanka, an sallace shi, an kai shi. Liman ya ambaci sunansa da na mahaifinsa, mutane suka amsa. Ƙannena maza da suka raka shi suka ce Tonton ya tsaya a bayan sahu, nesa kaɗan, hula a hannu, har aka watse. Takardar mutuwar ni na bi ta, kuma komai a cikinta daidai ne, suna da lamba da sana'a. A wajen dalilin mutuwa aka rubuta ciwon huhu kawai. Littafin ofis har yau yana cewa mahaifina faranti ya ɗauka.

Mama ta ce ya yi mutuwar da ya zaɓa, in daina cin raina. Ni ban kai nan ba. Wani lokaci shi nake jin haushi, da kwalbarsa da taurin kansa, wani lokaci waɗanda suka ba mutum ƙarfe da ƙyalle suka tura shi bakin guba. Mafi yawan lokaci dai hannuna nake kallo, wanda ya sa hannu a takardar nan. Akwatin kakin yana ƙarƙashin gadon Mama, na buɗe shi bara, warin bai tafi ba.

Matar Tonton tana raye. Duk wata sai an nemi kwafin katin kafin a ba ta allurarta, kuma tsakanin gidansu da Hanoukopé akwai shagunan kwafi ba iyaka, amma wurina yake zuwa. Shagona yana da matakala uku, yana hawa ba ya tsayawa. Yakan zauna a benci ya tambayi lafiyar Mama, ni kuma in ɗora katin a gilashi in rufe, in tsaya ina jin yadda iska ke shiga ƙirjinsa tana fita ba wahala. Kwanakin baya ya ce an ce masa hoton ya lalace da yawa, ya kawo sabo a canja masa kati. Ya ce ya gaya musu zai kawo. Na miƙa masa kwafinsa na ce ga mai hoto nan a kwanar titi, yanzu zai ɗauke shi. Ya karɓa ya daɗe yana kallon hular nan da inuwar da ke ƙarƙashinta, ya ninke ya sa a aljihu.

"Sai sun matsa," in ji shi. "Wannan namu ne mu biyu, ni da promo."